Rasuwar Gajeriya, Wadda Aka Ƙara wa Tsawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, iyalan gidan Baba Mai Akori-kura suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da abokan tsiya tunda su suka fi yawan tambaya, rasuwar motarsu Gajeriya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a gangaren da ke gaban gidan buga bulo, tana ɗauke da kaya kamar yadda ta saba. Shekarunta talatin da ɗaya a takarda, ashirin da shida daga ciki a hannun maigidanta. Ta yi jinyar mako bakwai. Kafin wannan jinya ba a taɓa jin ta ce wash ba.

Ta rasu ta bar maigidanta, wanda yanzu yake zuwa tashar masu ɗaukar kaya da ƙafa, ya zauna a benci yana kallon inda take tsayawa. Ta bar mai ɗakinsa, wadda ta ce ita ba za ta zubar da hawaye ba sai an dawo mata da bokitinta da aka ara shekara tara da suka wuce don zuba wa marigayiya ruwa. Ta bar taya huɗu, da safaya ɗaya da ba ta taɓa riƙe iska kwana biyu a jere ba. Ta bar jek, da igiya, da tampol mai faci goma sha ɗaya.

Ta kuma bar 'yar maigida ta fari, wadda da bambar Gajeriya ta koyi tsayuwa, wadda kuma rabon ta da gidan ubanta yau mako biyar da 'yan kwanaki. Ta bar mijin wannan 'ya, sirikin gida, wanda maigida ya tsaya a tsakiyar tasha, gaban jama'a, ya kira macuci, ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofa. Ana roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan biyun a ransa. Saboda su aka tsawaita wannan sanarwa. In don mota ce kawai, layi uku ya isa.

Duk wanda ya san marigayiya ya san mai tawali'u ce. Ba a banza aka sa mata Gajeriya ba: kusa da ƙasa take, kamar mai gaishe da manya. Mutum zai ɗora mata buhun siminti ba tare da ya ɗaga shi ya wuce ƙugunsa ba. Tsohuwa mai sanda takan hau bayanta ba wanda ya kama mata hannu. Da wannan gajartar ne maigida ya kai shekarun da ya kai yana lodi da kansa, alhali sa'o'insa duk sun koma gida suna jiran a miƙo musu ruwa.

Da safe in aka murɗa mata makulli ba ta tashi a firgice kamar motocin yanzu. Sai ta ce kir-kir-kir, ta yi shiru tana nazari, ta sake cewa kir-kir, ta yi tari ɗaya, sannan ta ce gurrr, duk layin ya san gari ya waye. Odarta kamar akuya mai mura, amma ba wanda ya taɓa jin ta ya ƙi kaucewa. Ƙofar direba sai an tallafa mata da gwiwa take rufuwa, ita kuwa ta fasinja daga waje kawai ake buɗe ta, wanda hakan ya sa ba a taɓa samun wanda ya sauka bai yi sallama ba. Ƙaryarta ɗaya ce a duniya, allurar mai: kullum tana kan rabi, ko an cika ko an kusa turawa. Maigida ya yafe mata wannan tun tuni.

Ta ɗauki siminti, ta ɗauki katako, ta ɗauki firji, ta ɗauki gadon da ya fi ta tsawo. Ta kai mai naƙuda asibiti sau biyu, ta dawo da mutum uku-uku. Ita ta kwashe kayan 'yar maigida zuwa gidan mijinta, sawu huɗu, ko kofi ɗaya bai fashe ba. Ba ta taɓa kallon babbar mota ta ji ƙyashi ba. Wannan ciwon ba nata ba ne, a jikin wani ya fara.

Ga yadda ya shigo.

Ruwan bana ya cinye hanyar sabuwar unguwa, inda duk aikin gini ya koma. Ramuka suka zama rijiyoyi. Sai ga sababbin akori-kura dogaye sun cika tasha, masu tayoyi kamar na tarakta, direbobinsu na kallon mutane daga sama. A cikinsu akwai wani da ake kira Rediyo, don ba a kashe shi, ba a kuma rage masa murya. Wata rana wani ɗan kwangila ya zo neman mota, ya tsaya gaban Gajeriya, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya wuce wajen Rediyo ko sannu bai ce ba.

Rediyo ya leƙo ta taga ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Taka da ciki take tafiya, kamar ƙadangaruwa. Ka bari in an shimfiɗa kwalta ka zo.”

Tasha ta kwashe da dariya. Maigida ma ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora. Ya koma gida ya yi kwana uku ba shi da zance sai wannan. Ya faɗa wa mai ɗakinsa, ya faɗa wa maƙwabci, ya faɗa wa mai aski. Ya faɗa wa 'yarsa da ta zo gaishe shi, ita kuma ta kai wa mijinta.

Ranar Laraba da yamma sai ga siriki da kwali a kafaɗa, yana nishi. Ya ajiye, ya durƙusa ya gaida, ya ce, “Baba, kayan ɗaga mota ne. In aka ɗaura mata za ta tashi kamar taƙi ɗaya, ramukan nan ba za su ƙara taɓa mata ciki ba. Amma don Allah a jira ni zuwa Asabar. Zan zo da wanda ya saba ɗaura irinsu, don suna da ƙa'ida.”

Maigida ya sa masa albarka har sau uku, ya ce, “To, Allah ya kai mu Asabar.”

Ranar Alhamis da sassafe yana garejin Bari-mu-gani.

Shi wannan Bari-mu-gani bakanike ne, tsohon abokin maigida, kuma likitan marigayiya tun zuwanta gidan. Sunan ya samo asali ne daga amsar da yake ba kowace tambaya. In ka ce masa mota na hayaƙi, bari mu gani. In ka ce masa rigarsa ta kama wuta, bari mu gani. Aka zazzage kwalin a ƙasa: ga dogayen kusoshi masu lanƙwasa, ga wasu zobba na gaba, ga takarda, ga kuma wasu ƙarafa biyu kamar ƙananan bulo, waɗanda ake sawa a baya tsakanin sifirin da aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Kowane ɗaya gefensa guda ya ɗan fi ɗayan kauri, kaurin da bai wuce ɗan yatsa ba. An yi wata 'yar magana a garejin a ranar. Za a zo kanta a inda ya dace. Maigida ya nemi a ɗan jinkirta.

Kafin la'asar Gajeriya ta tashi sama. Da aka sauke ta daga jek sai aka ga kamar ba a sauke ta ba. Maigida ya zagaye ta sau biyu, ƙirji a gaba. Ya ɗaga ƙafa zai shiga kamar kullum, ƙafa ta tarar da iska, wando ya ce ɓarrr. Aka kawo masa bulo ya taka.

Da ya shiga tasha Rediyo ya miƙe tsaye a kan benci ya ce, “A'a! Jama'a ku zo ku gani! Gajeriya ta sa takalmi mai tsini!”

Maigida bai kula shi ba. A ranar ya kai yashi sabuwar unguwa, ya ratsa ramin da ya fi kowane zurfi da gangan, cikinta bai taɓa ƙasa ba. Iyalan suna so a rubuta cewa ta yi yamma ɗaya cur tana cikin ɗaukaka. Ba kowa ke samun ko wannan ba.

Washegari a kan kwalta, allurar gudu na taɓa arba'in, sai ta ce didididi.

Da farko maigida ya ɗauka murna ce. Amma madubi ya dushe, sitiyari ya shiga rawa, 'yan kwabban da ke cikin mazubin tokar taba suka fara kiɗa. Wani mai kaya da ke zaune a gefe ya buɗe baki zai ce a tsaya, muryarsa ta fito a yanyanke kamar mai magana a gaban fanka. In aka sauko ƙasa da arba'in sai ta yi tsit, kamar ba ita ba. In ta faɗa rami kuma sai ta ce ƙwam. Birki ya koma laushi. Fitilunta suka daina kallon hanya, suka koma duba lafiyar rassan bishiya. Lodi kuwa, buhun da a da ake turawa da ƙugu yanzu sai an kai shi ƙirji, a nan ƙugun maigida ya samu nasa rabon.

Aka koma wajen Bari-mu-gani. Ya ce bari mu gani. Ya ce tayoyi ne, aka kai aka daidaita su. Didididi. Ya ce shokazoba ce, mai shanye jijjiga, ta yi gajarta, tunda mota ta ƙara tsawo ita ba ta ƙara ba, kullum a miƙe take kamar wadda aka rataye. Gaskiyarsa, aka sa dogaye, ƙwam ta tafi. Didididi na nan. Aka tarar tiyon birki ya ɗame kamar igiyar shanya, saura ƙiris ya tsinke ya kai maigida inda ba a dawowa. Aka sauya shi, aka gode wa Allah. Didididi na nan. Aka sake ɗaure dogayen kusoshin nan, don ashe bayan kwana biyu sukan saki, ba wanda ya san haka sai takarda. Aka daidaita tayoyin gaba. Aka sunkuyar da fitilu. Gajeriya ta warke daga kowace cuta da aka sani, banda wadda ke kashe ta.

A mako na biyu ne siriki ya zo tasha. Ya ji labari, bai kuma ce komai ba game da Asabar ɗin da ba a jira ba. Ya gaida maigida, ya gaida mutanen benci, ya tattare riga ya durƙusa zai leƙa ƙarƙashin mota.

Maigida ya ce, “Tashi. Kallon me za ka yi?”

Ya ce, “Baba, so nake in ga yadda aka ɗaura. An dai bi takardar ko?”

Wannan tambaya ita ce laifinsa duka. Ana so a rubuta ta yadda ya faɗe ta, ba ƙari ba ragi, don a auna ta da amsar da ya samu.

Maigida ya miƙe ya ce, “Takarda? Ni za ka tambaya takarda? Ina riƙe da sitiyari kana riƙe da zanin uwarka! Ka je ka kwaso min jabun ƙarfe, ka nakasa min mota, yanzu ka zo gaban mutane kana min jarrabawa? Macuci! So kake ta kife da ni ku huta? Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofata!”

Tasha ta yi tsit, har Rediyo, wanda tarihi bai taɓa rubuta masa haka ba. Siriki ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba.” Ya juya ya tafi.

Tun daga ranar 'yar ba ta sake zuwa ba. Takan kira a waya, don tarbiyya ba ta bar ta ta daina ba. “Baba, ina kwana. Lafiya lau. To, sai an jima.” Shi ke nan. Yarinyar da a da sai batir ya mutu ake rabuwa. Maigida ya kai ƙara wajen mai ɗakinsa, ya ce ta ga abin da 'yarta ke yi. Ta ci gaba da ninke kaya, ta ce, “Ai kai tun da na san ka ba ka taɓa yin kuskure ba. Sai dai a yi maka.” Ya ɗauka yabo ne har ya kai ƙofa.

Jinya ta ci gaba. Wani ya ba da shawarar a kai ta wajen Mai Kwamfuta, bakaniken zamani mai farar riga, wanda ba a taɓa ganin baƙin mai a farcensa ba. Ya yi rabin sa'a kwance a ƙarƙashin sitiyari yana neman ramin da zai soka wayar kwamfutarsa. Ba a faɗa masa an haifi Gajeriya kafin a ƙirƙiro ramin ba, don kowa na son ya ga ƙarshen abin. Ya fito yana gumi ya ce matsalar ta lantarki ce. Aka gode masa.

Daga nan ta fara cin kuros. Ga wanda bai sani ba: akwai wani dogon bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, farfela, shi ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, kuros kuwa shi ne gaɓar da ke kowane ƙarshensa, kamar wuyan hannu. Na asali ya yi shekara talatin da ɗaya bai yi ƙorafi ba. Aka sa sabo a baya, ta cinye shi a kwana goma. Aka sa wani, ta cinye. Duk lokacin da Bari-mu-gani ya shiga ƙarƙashinta, sai ya daɗe, ya fito ya kalli maigida, ya buɗe baki, ya rufe, ya goge hannu, ya ce bari mu gani. Maigida ya ɗauka jahilci ne. Ashe ba shi ba ne.

Ranar Talata ta ɗauki bulo sittin. Ta tashi da kir-kir ɗinta kamar kullum, sai dai tarin ya zama biyu. A gangare nauyi ya tura ta, allura ta wuce arba'in, ta wuce hamsin. Didididi ya koma dagadagadaga. Sai ta ce ƙarrr. Sai ta ce gwaf. Kuros ɗin gaba ne ya balle a wannan karon, kan farfela ya faɗi ya caki kwalta, bayan mota ya tashi sama har da bulo sittin ɗin. Wadda ta yi shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa raba taya da ƙasa ba, ta yi tsallenta na farko kuma na ƙarshe. Ta dawo ƙasa, gidan giyar motar ya tsage, ƙashin bayanta ya karye, baƙin mai ya malala har bakin kwata.

Ba ta taɓa kowa ba. Ko a wannan hali sai da ta ja jiki ta kai gefen hanya, kada ta tare wa mutane. Maigida ya fito da ƙafarsa, hula a karkace, ya manta ta ƙara tsawo, ya tako iska ya zube a gabanta. A nan zaune ya ji maganarta ta ƙarshe. Ta ce tsss. Ta ce tik, tik, tik. Ta yi shiru.

Aka ja gawar zuwa wajen Mai Rami, wani tsohon bakanike da ba ya son magana, don a san musabbabi. Bari-mu-gani ya biyo. Rediyo ma ya biyo, ba wanda ya gayyace shi, ya ce ta'aziyya ya zo. Mai Rami ya sauka cikin raminsa da fitila da tsumma. Bai kai lokacin da za a sha kofin ruwa ba ya ce, “Mai mota, sauko.”

Maigida ya sauka. Mai Rami ya goge laka daga jikin ɗan bulon ƙarfen nan, ya haska. Ya ce, “Me ka gani?” Maigida ya ce duhu ya yi yawa. Mai Rami ya ce, “Sa tabaran da ke aljihunka, ba mai ganinka a nan.” Ya sa. Kibiya ce, an zana ta a jikin ƙarfen, ƙatuwa, tana nuna baya.

Mai Rami ya ce, “Gaba ya kamata ta nuna. In ka ɗaga mota, farfela na karkacewa. Shi ya sa aka yi ƙarfen nan gefe ɗaya siriri, don ya ɗago hancin aksil ya tari farfela. Siririn a gaba, mai kaurin a baya. An juya shi, hanci ya kalli ƙasa. Mako bakwai tana gudu da wuya a murɗe. Kayan ba su da laifi, masu kyau ne ma. Wa ya juya?”

Daga cikin rami maigida ya ɗaga kai. Bari-mu-gani na tsaye a baki, ya samu wani abu mai ban sha'awa a sararin sama yana kallo.

To, an zo inda ya dace.

Ranar Alhamis ɗin nan a gareji, Bari-mu-gani ya ɗauki ɗan bulon ƙarfen yana jujjuyawa, ya ce, “Aboki, wannan fa gefe ɗaya ya fi kauri. Ina ne gaba?” Ya miƙo takarda. Akwai mutane a garejin, har da direbobi biyu na tasha. Tabaran maigida na aljihu, tabaran da shekara huɗu ke nan ba wanda ya san da su sai mai ɗakinsa. Ya karɓi takarda, ya riƙe ta kamar alƙali, ya ga tururuwa na tafiya a layi. Ya ninke ta ya ce, “Mai kaurin a gaba mana. Ina ka taɓa ganin ƙarami ya shiga gaban babba?”

Mutane suka yi dariya, suka ce wallahi Baba ya yi gaskiya. Bari-mu-gani ya ce, “Amma kamar na ga wata kibiya a—” Maigida ya ce, “Kibiyar ta fi ni sanin motata?” Aka ɗaura. Takarda ta shiga ƙarƙashin kujera, a nan aka same ta bayan rasuwa, ko yatsa bai ɓata ta ba.

Iyalan ba su wanke Bari-mu-gani ba. Bakaniken da ya fi tsoron fuskar mai mota a kan mota ta kife da shi, a sake duba sana'arsa. Da maigida ya fito daga rami ya tambaye shi dalilin shirunsa, sai ya ce, “Aboki, sai da ta ci kuros na farko na gane. A lokacin ka riga ka zagi mutumin nan a gaban tasha. In na faɗa, ina za ka sa fuskarka? Kullum in na zo faɗa sai in ce bari mu gani.” An gani.

Saboda haka iyalan suna sanar da jama'a sakamakon bincike. Gajeriya ba ta mutu da tsufa ba. Ba ramuka suka kashe ta ba, ba jabun ƙarfe ba. Girman kai ne ya kashe ta, kuma ba nata ba. Kayan da siriki ya kawo masu kyau ne. Asabar ɗin da ya ce a jira, da an jira. Tambayar da ya yi a tasha ita ce kaɗai tambayar hankali da aka yi a mako bakwai, da an bar shi ya leƙa da yanzu marigayiya na kir-kir ɗinta. Shi ba macuci ba ne. Wanda ya faɗi haka ya janye, kuma da yake a tsakiyar tasha ya faɗa, a tsakiyar tasha za a manna wannan takarda, a jikin bishiyar da ke bayan benci. Ana roƙon Rediyo ya yi aikinsa kamar yadda ya saba, ya ƙure murya. Sau ɗaya dai a rayuwarsa a amfana da shi.

Game da abin da ta bari: batir ya tafi wajen maƙwabci, wanda dama rabin shekara a wajensa yake kwana. Tayoyin da ke da sauran rai za a ba mai amalanke bayan rakiya. An mayar wa mai ɗakin maigida bokitinta, ta duba ta ce ba shi ba ne, amma ta yi kukan. Odar za ta zauna a gida. Ƙarafan nan biyu ma ba za a bayar ba, an ajiye su a bakin ƙofa, a inda maigida zai riƙa tuntuɓe da su kullum in zai fita. Masu zuwa ta'aziyya suna iya zuwa kowane lokaci, amma wanda ya san zai fara da “ai da ka” ya yi zamansa a gida, an karɓa daga nesa. Mai Kwamfuta ya aiko cewa har yanzu yana zargin lantarki. An gode.

Za a raka ta makwancinta, filin tsofaffin ƙarafa da ke bayan garejoji, ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. An zaɓi Asabar da sani. Za a tashi daga wajen Mai Rami, wanda ya cire farfela ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya ce tayoyinta za su gangara in aka bi ta a hankali. Za a bi ta gaban tasha, don ta yi sallama da wurin tsayuwarta.

Sai dai ba za ta iya tafiya da kanta ba, sai an ja ta. Rediyo ya yi tayin doguwar motarsa, an ƙi. Wasu biyu sun yi tayi, an ƙi. Mutum ɗaya ake roƙo, mai wata 'yar ƙaramar mota ta kai kaya, wanda aka ce kada ya ƙara taka ƙofa. Ƙofar a buɗe take tun ranar Talata, an tokare ta da ƙarfe mai kibiya. In ya zo, ana roƙon ya zo da matarsa, akwai wurinta a kujerar gefe, inda ta saba zama tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Maigida da kansa zai buɗe mata, dama daga waje ake buɗewa. In bai zo da goma ba, za a jira sha ɗaya. In bai zo wannan Asabar ba, za a jira ta gaba. Maigida ya koyi jiran Asabar.

Igiya tana nan, tata ce. Maigida zai zauna a sitiyarin marigayiya, ba inji, ba oda, aikinsa kawai ya bi inda aka ja shi. Tsarin rakiya kuwa, a wannan karon an duba takarda, da tabarau, a gaban mutane: ƙarami ne a gaba, babba na biye.